Malamin lissafi ya ce na saci amsa

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, Allah ya ƙara basira. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare. Raina a ɓace nake rubuto miki, don tun da aka raba mana takardun gwajin lissafi barci ya ƙaurace mini.

Malaminmu ya kira sunana a gaban aji, ya ɗaga takardata sama, ya ce satar amsa na yi. Ni, Anti! Wallahi tun ina firamare ban taɓa leƙa takardar kowa ba. Sifili ya ba ni a kashi na biyu na wata tambaya, 'yan aji suna ta kallona, wasu har da dariya.

Bari in faɗa miki tambayar ki yi mana alƙalanci. An zana mana sekta, wato yankin da'ira da ke tsakanin layuka biyu da suka taso daga tsakiya da kuma bakan da ya haɗa su, kamar filin da ke tsakanin hannayen agogo. Rediyos, wato tazarar da ke daga tsakiyar da'ira zuwa bakinta, santimita 14, kusurwar da ke tsakanin layukan biyu digiri 45, aka ce a ɗauki pai, lambar da ake lissafin kewaye da filin da'ira da ita, a matsayin 22/7. Kashi na farko a nemo tsawon baka. Da'ira digiri 360 ce, 45 kuwa ɗaya bisa takwas ɗinta ne. Kewayen da'irar 88, in aka raba takwas baka ya zama santimita 11. Wannan ya ba ni makinsa. Kashi na biyu a nemo girman filin sektar. Hanyar da ya koya mana ita ce a fitar da filin da'irar duka, pai sau rediyos sau rediyos, wato 616, sannan a ɗauki ɗaya bisa takwas, a samu 77. Ni kuwa da na ga ga tsawon baka a hannuna, sai na buga 11 sau 14, na raba biyu. Amsa ta fito 77, a layi biyu kacal. Wai gajartar aikin ce shaidar cewa amsar na gani a wani wuri na ƙaga mata hanya.

Ba ni na ƙaga ta ba. Yayana ne ya nuna mini, kuma har dalilin na gane. In kika yayyanka sektar siri-siri daga tsakiya, kowane yanki zai koma kamar alwatika mai tsayin rediyos, gindinsu kuma in an jera shi ne bakan. Filin alwatika ai rabin gindi sau tsayi ne. Arkimidis, masanin lissafi Bagirke, ya nuna haka game da da'ira gaba ɗaya fiye da shekara 2,000 da suka wuce. To ina satar take?

Af, ban faɗa miki ba, wadda ke zaune kusa da ni ita ma 77 ta samu, da hanyarsa, kuma da wannan ya kafa hujja. Ai duk wanda ya yi daidai 77 zai samu! Ita bai ce mata uffan ba.

Dama can mutumin nan ba ya ƙaunar tambaya. Na taɓa ce masa me ya sa ake rabawa da 360, ya daka mini tsawa, ya ce in haddace fomula in yi shiru. Tun daga ranar ya sa mini ido. Da na bi shi ofis da takardata ina so in sake yin lissafin a gabansa, ko ɗago kai bai yi ba, ya nuna mini ƙofa.

Ƙawayena suna cewa in kai ƙara wurin shugaban makaranta, amma ai makina na zango duk a hannun malamin nan yake. Ga babbar jarrabawa tana matsowa, yanzu ko sekta na gani a littafi sai gabana ya faɗi, ina tunanin ko masu duba takardu ma haka za su yi mini. Makin ma ba shi ya fi damuna ba. Babana bai san komai ba tukuna, kuma shi mutum ne da ba ya wasa da maganar sata. Anti, don Allah ta ina zan fara masa bayani kafin ya ji a bakin wani?

Taki,
'Yarki mai bibiyar shirinki