A gwada murya kafin a raba matsayi a wasa

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu shirya wasan kwaikwayo mai waƙa a makarantunmu na Jos. Ni malamin kiɗa ne a wata sakandare, kuma yadda ake raba matsayi yana ci mini tuwo a ƙwarya. A dubi fuska da tsayi, a ce wance ce jaruma, wane ne sarki, alhali ba a ji muryar kowa ba. Ranar wasa yarinya ta kai tsakiyar waƙa murya ta tsinke, sai a ce ba ta iya ba. Ta iya mana, waƙar ce ba tata ba.

Duk wanda ya saurari mawaƙan coci a garin nan ya san rukuni huɗu suke tsayawa. Mata masu siririyar murya su ne sofurano, masu kauri alto. Maza masu hawa sama tena, masu nutsewa ƙasa bes. Yawancin maza ma tsakiya suke, wato baritan, kuma su aka fi wahalarwa, don kowa so yake ya mai da su tena.

Gwajin ba wuya. A jerin sautin kiɗa na do-re-mi, daga do zuwa do na gaba mataki takwas ne, kuma mawaƙin da ya samu horo yakan kai ninki biyu na haka. Ka zauna a piyano, yaro ya bi ka ƙasa har murya ta ɓace, sannan sama har ka ga jijiyar wuya ta miƙe. Nan ne iyakarsa, ka rubuta.

A gidajen wasa na Landan da New York an saba ba jaruma sofurano, jarumi tena, uba ko mugu kuma murya mai kauri. Al'ada ce kawai. Mu kuwa finafinan Indiya sun saba wa kunnenmu da siririyar muryar mace, ga kwamfuta a sitidiyo tana ɗaga wadda ba ta kai ba. A dandamali babu wannan gatan. Shi ya sa nake takaicin yadda ake tura 'yan alto baya su yi amshi, bayan ba muryar da ta kai tasu ratsa zuciya a waƙar uwa ko ta makoki.

Samari kuma a yi musu uzuri. Wajen shekara 12 zuwa 15 muryar yaro takan fashe, ta sauka kusan mataki takwas. Waƙar da ya rera a zangon farko tana iya gagararsa a na uku. Kada a tilasta masa, a sauke kiɗan, ai piyanon lantarki yana da maɓallin yin haka. Da sanyin hunturun Jos kuma kada a fara bita sai an ɗumama makogwaro da rera "mmm" a hankali, baki a rufe.

Roƙona ga Sashen Wasan Kwaikwayo na Jami'ar Jos shi ne su shirya wa malaman sakandare bita kan wannan a lokacin dogon hutu. Ni ne farkon wanda zai rubuta suna.

Naka,
Malamin kiɗa,
Tudun Wada, Jos