Auta, Muryar Da Na Ji Ba Taka Ba Ce

Zuru, Jihar Kebbi

Auta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Ya aiki, ya zaman Mararaba? Mu nan sai godiya. An gama yankan dawa, bana ba laifi, ko da yake gonar nesa ba mu taka ta ba, ka san dalili. Ƙafata ta yi sauƙi. Kuɗin da ka aiko suna hannun yayarka, na ce kada a taɓa su sai mun yi wannan magana.

Ranar Alhamis da aka tashi daga Zumuntar Mata, wata ta jawo ni gefe tana murna, ta ce, "Mama, zo ki ga ɗanki ya zama babban mutum." Ta miƙo mini waya. Na gan ka a Facebook cikin farar kwat, kana tsaye bayan mutumin nan da kuke kira annabi, tawul ɗinsa a kafaɗarka. Can sai ya miƙa maka makirfo. Fuskar taka ce, har da tabon goshinka, amma muryar da na ji ba taka ba ce. Yadda yake jan numfashi haka kake ja, yadda yake kurma ihu a ƙarshen kowace magana haka kake yi, har tafiyarsa ka ɗauka. Sai ka ɗaga 'yar kwalbar mai, ka ce duk mai neman buɗi ya fito da naira 10,000. Na ce wa matar Allah ya yi albarka, na mayar mata da wayarta. Ban san yadda na iso gida ba.

Ban ce koyi laifi ne ba. Kowa a wurin wani ya koya. Rubutun nan ma da nake yi maka, a hannun matar wani mai bishara na same shi, a gindin ɗorawa, ina bin yatsarta baƙi bayan baƙi. Manzo Bulus da kansa ya ce wa Korintiyawa su yi koyi da shi kamar yadda shi ma yake koyi da Almasihu, yana nan a 1 Korintiyawa 11:1. Amma ka tuna su wa ya gaya wa haka. Mutanen da ya zauna cikinsu ne shekara 1 da wata 6, sun gan shi a gidan Akila da Bilkisu yana ɗinkin tanti don ya ci da guminsa. To kai me ka sani game da mutumin naka ban da abin da ake gani a kan bagade? Ka taɓa jin yadda yake yi wa matarsa magana in an rufe ƙofa? Direbansa yana samun albashinsa in wata ya ƙare? In tsohuwa ta zo hannu rabbana, ana barinta ta gan shi? Kai ke riƙe masa jaka, ka fi ni sanin amsa.

Kawunka ya gaya mini abin da ka faɗa a gidansa: wai babanka ya yi wa Allah aiki shekara 34, ya tafi bai bar ko babur ba, kai ba za ka mutu irin wannan mutuwa ba. Na yi kwana 2 abinci bai shiga ba. Gaskiya ne, bai bar babur ba. Keken nan nasa shi ya kai shi ko'ina. A 1991, shekarar da aka yanka mana Jihar Kebbi, aka tura mu ƙauyen nan na bayan Ribah, yana riƙe da ƙananan majami'u 3. Wata Lahadi baikon duka ƙwai ne da kwanon dawa. Ko hakan ma bai taɓa ƙirga baiko shi kaɗai ba, sai da dattawa 2 a gefensa, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba. Wata damina, lokacin kana goye, ɗan wani manomi ya kwanta har an fid da rai. Babanka ya kwana 3 yana zuwa addu'a, ranar ta huɗu shi ya goya yaron a keke ya kai shi asibiti. Yaro ya tashi. Uban ya jawo ɗan akuya ya ɗaure mana a ƙofar gida. Babanka ya kwance shi, ya mayar da kansa, ya ce ba shi ya warkar ba, kuma mutumin yana da bashin magani a wuyansa. Ranar nan ko garin kunu babu a ɗakina. Na yi masa faɗa irin wanda ban taɓa yi ba, har na raya a raina in dare ya yi in aiki yayanka ya ce Mama ta ce a kawo. Bai tanka mini ba. Da muka zauna addu'ar dare sai ya buɗe tsohon Littafi Mai Tsarkin kakanka, fassarar nan ta 1932 da bangonta ya rabu, ya karanta 2 Sarakuna sura 5.

Ka san wurin. Na'aman ya yi wanka sau 7 a Kogin Urdun, kuturtarsa ta tafi, ya kawo dukiya, annabi Elisha ya ƙi karɓa. Gehazi, baran Elisha, ya bi Na'aman a guje, ya shirya ƙarya da sunan maigidansa, ya karɓo talanti 2 na azurfa da tufafi, ya ɓoye, ya dawo ya tsaya gaban Elisha ya ce bai je ko'ina ba. Ya fita daga wurin da kuturtar Na'aman a jikinsa. Babanka ya rufe littafin bai dube ni ba, muka kwanta. Ban aiki kowa ba.

Shi ya sa da na ga kwalbar nan a hannunka jikina ya mutu. Da ka tafi na yi ta jin tsoron hanya, na ji tsoron masu satar mutane, na ji tsoron kada ka rasa abin yi. Duk sun kau yanzu. Tsorona ɗaya ne: kada abin nan ya karɓe ka. Ina tsoron ka yi kuɗi da shi, ka yi mota, a fara kiranka babban bawan Allah, ranar da zan yi maka magana ka dube ni da tausayi, ka ce tsohuwa ba ta gane ba. Gehazi ma da mutumin kirki yake zaune ya faɗi. Kai kuwa wanda kake bi shi da kansa yake bin Na'aman a guje. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ina kwana ina ganin hannunka, hannun da babanka ya kama ya koya wa buɗe Zabura, yana miƙa kwalba yana karɓar kuɗi. Kuma su wa ke fitowa da kuɗin? Na duba fuskokinsu. Irinmu ne. Matan sojoji ne da mazansu ba su dawo ba, ka san gidaje nawa ne a ƙasar Zuru suke da irin wannan makoki. Mutanen da 'yan bindiga suka kora daga gonakinsu ne, kamar 'yan'uwanmu na Danko-Wasagu, sun je birni suna ga-ruwa da wankau. Su za ka ce wa Allah yana jiran naira 10,000 kafin ya ji kukansu? Wane Allah? Ba wanda aka yi maka baftisma da sunansa ba.

Ba don wannan na sayar da awakina ka gama makaranta ba. Kuma kada ka ƙara sa bakinka a kan mutuwar babanka. Kana wurin ranar jana'izarsa. Ka ga maƙwabtanmu Musulmi da suka cika ƙofar gida. Ka ga dattijon nan mai sayar da hatsi yana hawaye, shi da ya shekara 10 yana ba babanka ajiyar kuɗinsa ba tare da takarda ba. Wannan ne ka kira bai bar komai ba? Ka ji kunya, Auta.

Na san kuma abin da ke cinka. Na san ranakun da aka koro ka saboda kuɗin makaranta, na san takalmin da ka je Kirsimeti da shi yara suna dariya. Na yi maka tsanani, wani lokacin fiye da kima, don ina ganin in na sassauta talauci zai koya maka abin da ban so ba. Ban ce ka zauna cikin rashi ba, rashi ba tsarki ba ne, ni na ɗanɗana shi na sani. Ka yi aikin wayarin ɗinka da ka koya, ka ci halalinka, in Allah ya kira ka wa'azi ka je makaranta a koya maka kamar yadda babanka ya je Tungan Magajiya. Nan kusa da kai, Mararaba da Nyanya da Masaka, ba a rasa majami'un da ake sujada da Hausa. Ka nemi dattijon da za ka tarar a gidan mara lafiya ranar Talata, ba mai ɗaukarsa hoto, ka liƙe masa. Ka ci tuwon gidansa, ka ga zamansa da iyalinsa. Ibraniyawa 13:7 cewa ta yi a dubi ƙarshen zaman shugabanni kafin a yi koyi da bangaskiyarsu. Na babanka dai ka gani da idonka.

Game da kuɗin, ka gaya mini gaskiya. In na aikin hannunka ne zan sayi maganin ƙafa in sa maka albarka. In na kwalba ne, yayarka za ta mayar maka, ka san waɗanda za ka mayar wa. Littafin kakanka yana nan cikin akwati, na sa an ɗinke bangon, naka ne in ka zo Kirsimeti. Na ba direban motar Kontagora daddawa da kuli-kuli ya kai wa kawunka, ka je ka karɓa.

Ka kira ni ranar Lahadi da yamma a wayar yayarka. Kai za ka yi mana addu'ar, a hankali, yadda kake yi da muna zaune a tabarma.

Ni ce,
Mahaifiyarka