Kafin a kai fitsari gwajin prostaglandin

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu yi bayani kan wani gwaji mai tsada wanda sau da yawa sakamakonsa ke lalacewa tun a gida, wato auna prostaglandin a fitsari.

Sinadari ne da jiki ke haɗawa inda akwai kumburi ko ciwo. Ba ya jimawa a jini, shi ya sa ake bin sawunsa a fitsari. Likita kan nemi gwajin idan mutum na yawan samun borin jini, fuska ta ɗau zafi, ga gudawa, wani lokaci har da suma, ana zargin ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira mast, masu fitar da nau'in prostaglandin da ake kira D2. Ragowarsa da ke fita a fitsari ake aunawa.

Abin da ya fi damun mu shi ne maganin ciwon jiki. Asfirin, ibuprofen, diclofenac da piroxicam duk aikinsu toshe hanyar haɗa prostaglandin ne. Wanda ya sha su zai iya ganin sakamako lafiya lau alhali cutar na nan. Galibi ana so a bar asfirin mako 2, sauran kuma awa 72. Kada a manta da haɗin da ake ƙullowa a leda daga kemis, don da wuya a rasa ɗayansu a ciki. A kai wa likita ledar ya gani. Amma wanda aka ɗora a kan asfirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, don Allah kada ya daina sai da izinin likitansa.

Fitsarin awa 24 ake tarawa. In an tashi da ƙarfe 6 na safe, a zubar da fitsarin farko, a rubuta lokacin a jikin jarkar da ɗakin gwaji ya bayar. Daga nan komai ya shiga jarka, har da na ƙarfe 6 na washegari. Mai shiga bayan gida ya fara yin fitsarin a mazubi tukuna. In an tsallake ko sau ɗaya ne, a sake daga farko, domin da jimillar abin da aka tara ake lissafi.

Jarkar ta zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8. Inda ba wuta, kula da ƙanƙara ta wadatar, a riƙa sabunta ƙanƙarar. Sanyin gindin randa bai isa ba.

Maniyyi cike yake da prostaglandin, a cikinsa ma Ulf von Euler na Suwidin ya gano sinadarin a 1935, don haka magidanci ya dakata da kusantar iyali lokacin tarawa, musamman in nau'in E2 za a auna. Mace ta bari sai ta yi tsarki.

In ciwon tasowa yake yi ya lafa, fitsarin da aka ɗiba jim kaɗan bayan tasowarsa ya fi nuna gaskiya, a haɗa da gwajin jini na tryptase, wani sinadari da ƙwayoyin mast ke fitarwa, cikin awa 4 da tasowar.

Naka,
Wasu ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, Kano