Firinta Mai Arha, Tawada Mai Tsada

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin iyaye, malamai da ɗaliban da suka ajiye firinta a gida da zaton sun huta da biyan kuɗin bugu a shago, sai ga shi abin da suke kashewa a tawada ya zarce abin da suka guda. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi, har da takarda, tunda masana'antunmu na Jebba, Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba su biyan buƙatar ƙasa.

A ganina, asarar tun a wurin saye take farawa, domin mai saye yana tambayar kuɗin na'ura amma ba ya tambayar nawa shafi ɗaya zai tsaya masa. Ƙananan firintoci masu katirij, wato ɗan akwatin tawada da ake sauyawa idan ya ƙare, su ne mafi arha a kasuwa, to amma baƙin katirij na HP 123, a ƙiyasin kamfanin da kansa, shafi kusan 120 yake bugawa, wato kafin rim guda mai takarda 500 ya ƙare an sayi katirij huɗu. Tonar 85A, wato garin tawada na firintar leza, tana kai wa shafi kusan 1,600, ita kuwa kwalbar baƙar tawada ta Epson 003, wadda ake ɗurawa a tanki, an ƙiyasta ta a kan shafi 4,500. Waɗannan alƙaluma a kan shafukan gwaji aka fitar da su, saboda haka mai buga hotuna da manyan tambura kada ya sa ran zai kai can. Wanda aikinsa rubutu ne zalla, kamar jarrabawar makaranta ko kundin kammala digiri, ba shi da dalilin biyan kuɗin launi.

Akwai kuma ɓarnar da yanayinmu na Arewa yake jawowa, wadda masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Firinta mai tawadar ruwa, ta katirij ko ta tanki, tana fesa tawada ne ta wasu ƙofofi ƙanana ƙwarai da ke jikin kan bugunta, kuma idan aka bar ta makonni ba aiki, musamman a lokacin hunturu mai ƙura da bushewar iska, tawadar takan daskare ta toshe su. Wankin kan bugun da na'urar ke yi domin buɗe su tawada yake sha, ba tare da an buga ko layi ɗaya ba. Maganin wannan shi ne a buga ko da shafi ɗaya ne duk mako, a lulluɓe na'urar da ƙyalle, sannan a riƙa kashe ta da maɓallinta maimakon zare waya, domin kan bugun ya koma mazauninsa ya rufu. Idan an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, a kunna ta da zarar an dawo da ita. Leza ba ta da wannan matsala tunda tonarta gari ce, sai dai tana jan wuta sosai wajen ɗumama takarda, abin da mai ƙaramin janareta ko inbata ya kamata ya auna kafin ya saya.

Batun takarda bai da wuya. A karanta rubutu a gyara shi a kwamfuta kafin a tura, a zaɓi shafukan da ake buƙata kaɗai, a buga gaba da baya, sannan a tara waɗanda suka lalace ta fuska ɗaya domin bugun gwaji ko lissafin yara. Zaɓin Draft, wanda ke rage kaurin tawada, ya wadatar ga duk takardar da ba ofis za a kai ba. Rasit ko katin gayyata da za a iya turawa ta WhatsApp a matsayin PDF kuwa, a bar shi a waya, sai fa idan hukuma ce ta nemi a kawo shi a takarda.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Wani malamin sakandare, Zariya