Zuwa ga aminina, kan sarauniyoyin da ke barci a firji

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Wasiƙarka ta same ni tun makon jiya, na karanta ta har sau biyu, amma ban samu zama na ba ka amsa ba sai yau. A makon ne muka kwantar da rukunin ƙarshe na sarauniyoyinmu na ƙudan Bombus, manyan dangin ƙudan zuma, don barcin hunturu, aikin kuwa ba ya son a raba masa hankali. Yanzu an rufe firji, ɗaki ya yi tsit. Wanda ya saba da gunjin ƙudan nan masu gashi tun safe har dare, shirun nan sai ya riƙa yi masa nauyi a kunne.

Na yi murna ƙwarai da jin cewa bana za ka ratsa hunturu da naka sarauniyoyin a karon farko. Ka tambaye ni digiri nawa za ka saita firjin. Amsar gajera ce: digiri 4 a ma'aunin salsiyos, ko kusa da haka, a nan yawancin masu kiwon suke tsayawa. Ni ma tambayar da na fara yi ke nan lokacin da na shiga aikin, sai daga baya na gane ita ce mafi sauƙi a cikin tambayoyin. Abin da zai raba mai tashi da wadda ba za ta tashi ba, yawancinsa ya riga ya faru tun kafin ka buɗe ƙofar firjin. Tun ran gini, tun ran zane.

Ka san bambancinsu da ƙudan zuma na amya. Su waɗancan idan sanyi ya sauko sai su dunƙule wuri guda, suna ɗumama juna, suna cin zumar da suka tara. Ƙudan Bombus kuwa gidan ne gaba ɗaya yake mutuwa da kaka: tsohuwar sarauniya, ma'aikata, maza, babu mai saura. Sabuwar sarauniyar da ta riga ta haɗu da namiji ita kaɗai ke tsira. Takan nemi ƙasa mai laushi, sau da yawa a gangaren da rana ba ta cika dukansa ba, ta haƙa rami kamar tsawon yatsa ko fiye kaɗan, ta kwanta ita kaɗai wata shida, wani lokaci har tara. Ba ta ci, ba ta sha. Guzurinta duk a jikinta yake: kitsen da ta tara a ciki, da sukarin da jikinta ya adana, da ɗan ruwan furen da ta cika tumbinta da shi. Duk gidan baɗi, da ɗaruruwan ma'aikatansa, yana cikin wannan jiki guda da bai kai giram ɗaya ba.

Shi ya sa nake roƙonka, kafin komai ka samu sikeli mai kyau, irin mai auna ɗigon giram. A shekarar 1998 Madeleine Beekman da abokan aikinta a ƙasar Holan sun gwada sarauniyoyin Bombus terrestris a sanyi iri-iri da tsawon kwanci iri-iri, suka tarar cewa wadda nauyinta bai kai giram 0.6 ba kafin kwanciya ba ta kai labari. Sanyin da aka ba ta bai cece ta ba, gajarta kwancin ma bai cece ta ba. Wannan adadi na wannan jinsin ne, kada ka ɗora shi a kan ƙananan jinsuna, amma darasin ya shafe su duka. Ni yanzu ba na kwantar da sarauniya sai na auna ta, na rubuta nauyinta da ranar ƙyanƙyasarta a jikin kwalbarta. Wadda na ga ta yi shafal, sai na mayar da ita ga abinci na ƙara mata kwanaki.

Kitsen nan kuma ba a tara shi a kowane lokaci. A kwanakin farko bayan ta fito daga kwansonta ne take ci kamar ba gobe, garin fure yana gina mata kitse, ruwan sukari yana cika mata sauran ma'ajiyar. Idan wannan mako ya wuce ta da yunwa, da wuya ta rama. Don haka kada ka yi rowar garin fure, kuma ka ba su ɗanye wanda aka daskarar, ya fi busasshe nesa ba kusa ba. Wajen kwana shida da fitowarta take karɓar namiji. Bayan haɗuwar ma kada ka yi gaggawa, bar ta ta ƙara kwana biyu ko uku tana ci. Ita da kanta za ta nuna maka ta shirya: zirga-zirgarta za ta ragu, cikinta ya yi nauyi, ka ga tana neman lungu tana tonon ƙasan keji da ƙafafun gaba. Daga nan sai ka sauko da ita a hankali, ta yi kwanaki a wuri mai sanyi-sanyi kafin ta shiga firjin sosai.

Bari na ba ka labarin shekarata ta farko, don kada ka bi ta inda na bi. Firjin da na samu irin na gida ne, wanda ba ya tara ƙanƙara. Ban san cewa irinsa yana zuƙe laimar iskar da ke cikinsa ba. Na sa kowace sarauniya a kwalbarta da busasshiyar takarda, na rufe, ina ganin na gama. Bayan wata guda da rabi na ɗauko ɗaya, na juye ta a tafin hannuna, sai na ji kamar ɓawon iri, babu nauyi ko kaɗan. Harshenta a miƙe waje, gashin bayanta ya kwanta. Na ɗauko ta biyu, haka. Waɗanda ke jingine da bangon baya kuwa sanyin wurin ya fi na tsakiya, ya yi musu yawa. Fiye da rabi na rasa a wannan hunturun, kuma na daɗe abin yana damuna, domin ni na raine su tun suna ƙwai, ƙishirwa ce ta kashe su a hannuna. Shekara ta biyu sai tsoro ya sa na zarce, na jiƙa shimfiɗarsu sharkaf, fumfuna ta tashi fari fat a wasu kwalaben.

Abin da na tsaya a kai yanzu shi ne shimfiɗa mai damshi, wadda idan ka matse ta a hannu za ka ji sanyin ruwa amma ko ɗigo ba zai faɗo ba. Kowace sarauniya da kwalbarta, murfin da 'yan huji, duk a cikin babban akwati mai rufi, da ma'aunin zafi da na laima a cikin akwatin kansa, domin lambar da ke jikin firji ba ita ce abin da ƙudan ke ji ba. Kada kuma ka ɗebo musu ƙasar lambu. Akwai wata tsutsa siririya, Sphaerularia bombi, da ke shiga jikin sarauniya tana kwance a ƙasa, ta hana ta yin ƙwai har abada. Ka yi amfani da shimfiɗa mai tsabta da aka tanada don haka.

Sai kuma abin da ya fi wuya ga mai son dabbarsa: ka ƙyale su. Duk buɗewar da ka yi, ɗumi da haske suna shiga, jikinta ya ɗan motsa, ta ƙona kitsen da ba za ta iya mayarwa ba. Ni sau ɗaya nake dubawa a mako biyu, da jar fitila tunda idonsu ba ya ganin ja sosai, kuma ba na wuce 'yan mintuna. Idan kana shakkar wata, kada ka girgiza kwalbar. Buɗe murfin, ka ɗan hura mata numfashinka. Mai rai za ta ɗaga ƙafarta ta tsakiya a hankali, kamar mai cewa a rabu da ita. Har yau duk lokacin da na ga wannan ƙafar ta ɗagu sai na ji sanyi a raina.

Akwai wani labari da nake so ka sani kafin wata rana ka zubar da mai rai. A jami'ar Guelph ta ƙasar Kanada, wata mai bincike, Sabrina Rondeau, ta tarar da ruwan gumin firji ya taru ya cika wasu kwalabenta, sarauniyoyin na ciki sun nutse. Ta ɗauka sun mutu. Da ta tsiyaye ruwan sai suka motsa. Ita da Nigel Raine suka shirya gwaji da sarauniyoyin Bombus impatiens 143, suka wallafa sakamakon a 2024: waɗanda aka danne a ƙarƙashin ruwa har kwana bakwai, kashi 81 cikin ɗari suna raye bayan mako takwas, waɗanda ba a jiƙa ba kuma kashi 88. A can ma masu nauyi sun fi tsira. Idan ka tuna cewa a daji ambaliya takan shiga raminsu, abin ba zai ba ka mamaki sosai ba. Ban ce ka bar ruwa ya kwanta musu ba, fumfuna tana nan tana jira. Amma idan ka tarar da wata a jiƙe, ka ɗora ta a kan takarda mai shan ruwa, ka ba ta lokaci.

Wannan aiki namu ya girme mu da nisa. Manoman ƙasar Niyu Zilan sun shuka wata ciyawar dabbobi mai jan fure, kuloba, ta ƙi yin iri domin babu ƙudan da harshensa zai kai ƙasan furen. Yunƙurin farko na kai musu Bombus daga Ingila ya ci tura, tafiyar ta yi tsawo, ga zafin tsakiyar duniya a hanya. Sai da aka samu jirgin ruwa mai ɗakin sanyi, aka tono sarauniyoyi masu barci, aka shimfiɗa musu gansakuka. Kusan ɗari uku suka tashi, ƙasa da hamsin suka isa da rai a farkon 1885, kuma jikokin irin waɗannan ne ke shawagi a can har yau. Abin tausayin shi ne, ɗaya daga cikin jinsunan da aka kai, Bombus subterraneus, ya ɓace daga Ingila, ganin ƙarshe da aka yi masa a Dungeness da ke gaɓar tekun kudancin ƙasar ne a 1988. Da aka so a dawo da shi gida daga Niyu Zilan, sarauniyoyin da aka raina a keji sai suka riƙa mutuwa a kwancin sanyi, dole aka koma ɗebowa daga Suwidin a 2012.

Ka ga inda gizo ke saƙa. Tun lokacin da wani likitan dabbobi ɗan Beljiyam, Roland De Jonghe, ya nuna cewa ƙudan nan suna girgiza furen tumatir su zubo da garinsa fiye da yadda ma'aikata ke yi da sandar lantarki, kamfanoni suka ƙware a kiwon jinsi biyu ko uku. Sauran jinsunan, kusan 250 a duniya, kowanne da halinsa, kuma waɗanda suka fi buƙatar taimako su ne aka fi jahiltar barcinsu. Bombus affinis ya shiga jerin masu fuskantar ƙarewa a Amurka a 2017. Idan wata rana aka ce sai an raini irinsa a keji kafin ya tsira, a hunturu za a ci ko a faɗi. Don haka littafin da za ka riƙa rubuta nauyi da kwanaki a ciki, ni ina ganinsa da daraja sosai.

Ka kuma tambaye ni batun iskar kabon dayoksaid. Gaskiya ne, tun 1985 wani mai bincike, Röseler, a Jamus ya nuna cewa idan aka sumar da sarauniya da wannan iskar, takan tsallake kwancin ta fara ƙwai, da haka ake samun gidaje duk shekara. Tana da amfaninta, ni ma nakan yi aiki da ita idan gwaji ya matsa. Amma ga wanda yake so ya san jinsinsa da gaske, ko yake so sarauniyarsa ta farka daidai da buɗewar furanni, ban ga abin da zai maye gurbin barcin ba.

Wata uku nake ba nawa. Idan ka gajarta sosai, da yawa za su tashi su ƙi yin ƙwai. Idan ka ja shi da nisa, kitse ya ƙare, mutuwa ta yawaita. Ranar tashi ma a hankali: ɗaki mai sanyi-sanyi tukuna, ruwan sukari a gabanta, kwana biyu tana shawagi a keji cikin haske, sannan ƙaramin akwati mai duhu a wajen digiri 28 da dunƙulen garin fure. A lokacin ka duba kashinta a madubin ƙara girma, domin ƙwayar cutar hanji da ake kira Crithidia bombi takan bar sarauniya ta ratsa hunturu lafiya, sannan ta kasa kafa gida. Kada ka ƙirga nasararka ranar da suka motsa. Jira sai ka leƙa ka ga ta gina ɗan kofin kaki a kan dunƙulen, ta kwanta a kansa tana karkarwa don ta ɗumama ƙwanta.

Idan ka auna naka, don Allah ka aiko mini da nauyinsu da sunan jinsin, da irin firjin da ka samu, mu duba tare kafin ka rufe. Nawa sai ranar Laraba ta sama zan sake leƙa su, zan kuma rubuto maka abin da na tarar. Ka gaishe mini da uwargida da yara, ka ce ina yi musu fatan alheri. Allah ya tashe mana su lafiya, ya kuma sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka