Kiɗan Kwamfuta Ma Yana Taɓa Zuciya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatan wannan gida, ina so in yi tsokaci kan maganar wani baƙo a shirinku na kaɗe-kaɗe. Ya ce duk kiɗan da aka haɗa da kwamfuta ba shi da rai, ƙafa kawai yake motsawa, ba ya kaiwa zuciya. Ina ganin girmansa, amma ban yarda ba.

Don Allah ya samu lokaci ya saurari Immunity, kundin da Jon Hopkins, ɗan ƙasar Ingila, ya fitar a 2013. Kiɗa takwas ne, tsawonsu awa guda, kuma kusan babu baitin waƙa a ciki. Abin da za ka fara ji ma ba kiɗa ba ne, ƙarar makulli ce, mutumin yana buɗe ƙofar situdiyonsa a Landan. Daga nan sai ganga ta shigo, mai nauyi, tana ta maimaita kanta har ka ji bugunta a ƙirji. Haka rabin farko yake, kiɗan rawa ne zalla, ba sassauci.

Sai a kiɗa na biyar, Abandon Window, ganga ta ɗauke ɗif. Fiyano ne kaɗai ya rage, ana taɓa shi a hankali, kowane sauti sai ya daɗe yana shawagi kafin ya ɓace. A nan ne idanuna suke cikowa. Kamar gidan biki ne bayan an watse, an naɗe tabarmi, makaɗa sun tafi, amma kunnenka bai daina amo ba, sai kewa ta lulluɓe ka. Da ba a fara gajiyar da kai da rawa ba, wannan shirun ba zai yi maka nauyi haka ba. Abin da haɗa salon biyu, na rawa da mai sanyi, yake yi ke nan.

Hopkins ya koyi fiyano tun yana yaro, ya kuma yi aiki da Brian Eno, wani makaɗi ɗan Ingila wanda ya raɗa wa irin wannan kiɗa mai sanyi suna tun shekarun 1970. Hannun gwani ne ke bayan na'urar. Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu: waƙoƙin fina-finan Hausa nawa aka haɗa da fiyano da kwamfuta a situdiyoyin Kano, suka sa mutane hawaye?

Roƙona shi ne ku ware dare guda ku saka kundin gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe, ba tare da talla ta katse shi ba. In aka yanko minti uku kawai, an ɓata shi. Bayan nan ku sake gayyato baƙon, mu ji ko yana nan kan bakansa.

Naku mai sauraro,
daga Zariya