Sanarwa: zaman Asabar da ƴar tunatarwa

Assalamu alaikum ƴan uwa mata. Da fatan an wuni lafiya, ya aikin kaka?

Ranar Asabar bayan La'asar za mu haɗu a gidan Anti, bayan firamare. Mun kauce wa Alhamis ne saboda masu kai awara kasuwar Maigatari.

Ɗaya daga cikinmu aka fasa aurenta bayan an sa rana. Dangin yaron sun aiko a mayar musu da kuɗin gaisuwa da kayan sa rana, alhali goro da alewa tuni aka rarraba wa dangi da maƙwabta. Yarinyar nan ko ɗebo ruwa ba ta iya fita saboda bakin mutane. Kowa ta riƙo ₦500. Wadda ba ta da hali, ƙafarta ma ta wadatar.

Sannan abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan. Kada a ɗauki hoton hira a tura waje, kada a kama sunan saurayi ko garinsu. Kuma don Allah a daina ce mata "ai dama mun faɗa miki", wannan ba jaje ba ne. Wadda damuwa ta hana ta barci ta turo saƙon murya, ba za a rasa mai saurare ba.

Allah ya musanya mata da mafi alheri. Sai mun haɗu, a gaida mutan gida.